Ɗauko Hlengwa Daga Tashar Goli

Taƙaitaccen bayani, domin wanda ba shi da lokacin karanta sauran. A wata ranar aiki cikin watan Yuli, tsakiyar sanyi a ƙasarmu, wata dattijuwa daga Msinga mai suna MaGcabashe ta zo babbar tashar jirgin ƙasa ta Johannesburg, domin ta ɗauki kurwar mijinta, Mzikayifani Hlengwa, wanda ya faɗi ya mutu a tashar fiye da shekara talatin da suka wuce, ta mayar da shi gida. An kiyaye ƙa'idojin hukumar jirgi baki ɗaya. An sayi katin shiga na kowa, har da na mamacin. Ba wanda ya ji rauni, ba a lalata kayan hukuma ba, jirgi kuma bai yi latti ba. Ba a kai shi gida ba. Mai rubuta wannan bayani ƙanen dattijuwar ne, Velaphi Gcabashe, tsohon akawun tashar, kuma a gabansa aka yi komai.

Na kama aiki a tashar ina saurayi, a zamanin da take da ƙofa biyu, ɗaya ta Turawa, ɗaya tamu. Tasu tana da benci mai sheƙi, tamu tana da jama'a. Na sayar da tikiti ta tagar baƙar fata har zuwa lokacin da aka rushe katangar da ta raba mu, sannan aka ɗaga ni zuwa ofishin jadawali, inda na ƙare aikina ina rubuta lokacin da ya kamata jirage su iso. Lokacin da suke isowa a zahiri, wannan wani ofishi ne dabam yake kula da shi. A wancan zamani tashar ita ce bakin Goli, kamar yadda muke kiran Johannesburg: duk wanda garin zai haɗiye, ta nan yake shigowa da akwatinsa na kwano, duk wanda garin ya gama taunawa, ta nan ake tofar da shi. Daga baya aka haƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa, aka haɗa shi da tsohuwar tashar, aka yi biki, aka ce yanzu mutum zai sauka daga wannan ya hau wancan ba tare da ruwan sama ya taɓa shi ba. Haka aka yi na ɗan lokaci. Sai ɓarayi suka kwashe wayoyin lantarkin layukan sama, jiragen da ke zuwa unguwanninmu suka tsaya, na dogon zango ya zama sai an yi sa'a, ciyawa ta fito tsakanin dogo. Yau tashar mahaɗa ce har yanzu, a rubuce. Abin da take haɗawa shi ne jirgin da ke tafiya da jiragen da ba sa tafiya.

Surukina Hlengwa mahaƙin zinariya ne. Ba mu taɓa shiri da shi ba, domin a ganinsa namijin da ke cin abinci da alƙalami bai gama zama namiji ba. A shekarar da abin ya faru ƙurar rami ta riga ta ci rabin huhunsa. Ya zo zai hau jirgin gida na Kirsimeti, ɗauke da keken ɗinki da ya saya wa matarsa, ya sauke keken kusa da ginshiƙin agogo a dandamali na tara, ya zauna a kansa, ya yi tari, ya kife. Ni aka kira daga taga na shaida shi. Gawar ta tafi Msinga a cikin akwati, keken ya bi ta a jirgin kaya. Kurwarsa ce ba a zo an ɗauka ba. Wansa, wanda hakkin yake kansa, ya shiga wani coci da ya haramta irin wannan, ƙanensa ya ce ba zai tsallake babba ba, aka yi ta jan magana har su biyun suka mutu. Ɗansa namiji ɗaya tilo, Zwelihle, hatsarin mota ya ɗauke shi. Gidan Hlengwa ya zama ba namiji sai hoto a bango.

Yayata ta iso gidana da ke unguwar Dube da jaka ɗaya da bargo, da wani ƙunshi na farin ƙyalle wanda ba ta yarda ta ajiye a ƙasa ba. A ciki akwai reshen magaryar kura, wanda da shi ake ɗauko kurwar mamaci a al'adarmu, bai fi tsawon tafin hannu ba, an yanko shi daga bishiyar da ke bayan garkensu. Ta sayar da karsanarta ta ƙarshe domin tafiyar. Likita ya gaya mata abin da ke cikinta, ita kuma ta gaya mini a taƙaice, tana shan shayi.

"Ba zan kwanta kusa da ƙashi kawai ba," in ji ta. "Mutumin yana can yana jiran jirgi, ni kuma ina nan ina jiran mutuwa. Gara mu jira a gida ɗaya."

Na kira ta yadda muke kiran yaya mace, na ce, "Sisi, mace ba ta ɗaukar reshe. Kawo, ni in ɗauka."

"Kai? Ko yana da rai bai taɓa bin ka zuwa shago ba, sai yanzu zai bi ka har Msinga? Kai ba ɗan gidansu ba ne, Akawu. In ya ji muryarka sai ya ƙara gyara zama."

"To mene ne nawa a ciki?"

"Bakinka. Shi kaɗai ne abin da Allah ya ba ka da yawa. Ka manta yadda ake yi, ko? Makarantar mishan ta wanke maka kai. Saurara. Daga lokacin da na kira shi ya taso, ba na magana da mai rai sai mun shiga garke. Ba na waiwaye, ba na komawa da baya. Duk inda muka kai zan gaya masa, kada ya ɓace. A mota yana da kujerarsa. In na buɗe baki ga wani, ko da sannu ce, a nan zai tsaya, sai an sake zuwa daidai wurin an ɗauke shi. Saboda haka duk mai tambaya, duk mai gaisuwa, duk ɗan iska, naka ne."

"Na shekara talatin ina amsa tambayar 'yan iska a tashar nan."

"Shi ya sa na zo wurinka ban je wurin mai hankali ba."

Akwai matsalar da na jinkirta faɗa mata har ta gama shayin. Dandamali na tara babu shi. Lokacin da aka haƙa hanyar sauka zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi aka cinye, da shi da ginshiƙin agogon, da ƙasar da ke ƙarƙashinsu, aka kwashe a manyan motoci aka kai inda ban sani ba. Na je na duba tun kafin ta zo. Tsohon rufin yana nan, kuma na gane ƙarfen da ginshiƙin yake tokare da shi. In mutum ya saki dutse daga wannan ƙarfe, ba zai sami ƙasa a inda Hlengwa ya faɗi ba, zai wuce ta cikin iska ya sauka a kan matakalar nan mai tafiya da kanta, wadda ke gangarawa da mutane zuwa ƙasa. Wato wurin da ya mutu yanzu sarari ne, kuma hanya ɗaya ce ta ratsa kusa da shi, ita ce matakalar, jim kaɗan bayan ta fara gangara. Matakalar tana bayan ƙofofin da sai da kati suke buɗewa. Wanda ya hau ta da reshe ba shi da damar juyowa, sai dai ya ci gaba, ya hau jirgin zuwa tasha ta gaba.

Ta ture kofin shayin gefe. Sannan ta ce, "Wato sun kwashe ƙasar sun bar shi a rataye."

"Haka lissafin ya nuna."

"Ka ga mutanen Goli? Ko mutuwa mutum ya yi sai sun tashe shi daga wurinsa." Ta gyara ƙunshin a cinyarta. "Tasha ɗaya dai ka ce?"

"Ɗaya. Kafin ki gama addu'ar Ubangiji mun iso. Zan sa Ndimande direba ya jira mu a can da a-kori-kurarsa, daga nan sai Msinga."

Na ba da shawarar mu je wani kanti ta gwada hawa irin matakalar, tunda ba ta taɓa hawa ba. Ta ce ita da ta haifi 'ya'ya biyar a ɗakin ciyawa ba za ta je koyon tsayuwa ba.

Muka zaɓi hantsi, bayan ma'aikata sun wuce, da tunanin jirgin zai zama da sauƙi. Muka ratsa tsohon zauren tashar. Masu fanke suna nan, masu gyaran waya sun ƙaru, allon da ke nuna lokacin jirage yana nan a kashe. Ta tsaya ta dubi matakalan da ke hawa zuwa tsofaffin dandamalai, waɗanda aka toshe da waya.

"Nan na sauka da na zo ganinsa ina amarya," in ji ta. "Ko wurin aje ƙafa babu. Ina mutanen suka tafi?"

"Suna cikin motocin haya, Sisi, suna biyan ninki."

A tagar jirgin ƙarƙashin ƙasa wata yarinya ce mai dogayen farata. Na ce ta ba ni kati uku.

"Uku, Baba? Ku biyu nake gani."

"Na ukun yana ciki. Shi muka zo ɗauka."

"In yana ciki ai yana da nasa."

"Ya shiga tun kafin a haife ki, 'yata."

Ta dube ni, ta dubi farin ƙyallen da ke hannun yayata, sai ta daina tauna abin da take taunawa. Ta miƙo katunan da hannu biyu. Wannan ya ba ni ƙarfin gwiwa fiye da yadda ya kamata.

Dalilin kati na ukun ba na al'ada kaɗai ba ne. Ƙofofin wannan jirgi ba sa fitar da wanda ba su rubuta shigarsa ba. Saboda haka na ɗora katin yayata ta wuce, sannan na ɗora na Hlengwa. Gilashin ya buɗe, ya jira, ba wanda ya wuce, ya rufe. Sannan na ɗora nawa.

A bakin matakalar ta kwance ƙyallen. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

"In mun kai wurin ka taɓa kafaɗata," in ji ta. "Daga nan kuma kada ka sa ran jin muryata. Ka huta."

"Zan yi kewar zagin."

"Ajiye maka zan yi, in mun isa in ba ka gaba ɗaya."

Ta taka kamar mai shiga kogi, ta kama ƙarfen gefe da hannu ɗaya. Ina bayanta, idona a kan rufi. Da muka zo ƙarƙashin ƙarfen na taɓa ta. Ta miƙa reshen cikin iska, ta ja shi a hankali kamar mai share tabarma, ta ɗaga murya yadda ba a ɗagawa a wannan wuri, ta kira shi da sunansa da kirarin gidansu.

"Hlengwa! Mashasha! Ni ce. Kada ka ce ba ka gane ni ba, tsufa ne kawai. Na zo da kaina, domin ba wanda ya rage. Taso, Baban Zwelihle, jirginka ya zo. Taso mu tafi gida."

Mutanen da ke hawowa ta ɗaya gefen suka juyo. Ni ban ga komai ba, kuma ba zan rubuta abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne, ta janyo reshen zuwa ƙirjinta, ta saki ƙarfen da take riƙe da shi ta tallafe shi da hannu biyu, kamar an ɗora mata abu mai nauyi, kuma da matakalar ta ƙare ta sauka ba tuntuɓe.

Daga nan ta shiga yi masa bayani, ƙasa-ƙasa, ba tsayawa.

"Yanzu mun sauko ƙarƙashin ƙasa. Kada ranka ya ɓaci, ba irin raminku ba ne, ba wanda zai miƙo maka shebur. Dubi fitilu. Wancan da ke gefe Velaphi ne, ƙyale shi, rakiya kawai ya yi, ya tsufa shi ma, har yanzu dai bai iya komai ba. Za mu bi ta hagu. Keken ya iso, ka ji? Da shi na ciyar da yaran. Allurarsa ce kawai take wahalar samu. Zwelihle yana can yana jiranka, kada ka yi masa faɗa a kan motar, ya riga ya ji a jikinsa. An sa wa ɗakin kwano. Jar saniyar ta mutu tun tuni, jikokinta ma sun ƙare, zan gaya maka yadda aka yi in mun zauna."

A iya sanina ba ta taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba yana da rai. Yana zuwa gida sau ɗaya a shekara, kuma rabin kwanakin barci yake yi.

Jirgin ya shigo ba ƙara. "Ga shi nan," in ji ta. "Ɗaga ƙafa, akwai rata." Lissafina na hantsi bai yi daidai ba, domin wani jirgin da ya gabata bai zo ba, mutanensa suka haɗu da namu. Duk da haka na kutsa na samo kujeru biyu a jere. Na ce, "Sisi, sa shi ta jikin taga, ke ki zauna ta waje ki tare." Ba ta da ikon amsa mini, kuma ban tabbata ta ji ba. Ta shige ta zauna jikin taga, ta shimfiɗa ƙyallen a kujerar waje, ta kwantar da reshen a kai.

"Zauna ta nan ka miƙe ƙafarka," ta ce masa. "Na san gwiwar nan ba ta son lungu."

Na tsaya a gaban kujerar na kama ƙarfe. A jiragenmu na da, wannan tsayuwa ba ta da amfani. Kowa ya ga reshe a kan kujera ya san ko wane ne a zaune. Tarago yakan yi tsit, masu wa'azi su sassauta, masu sayar da lemo su wuce ba tayi, mai duba tikiti ya huda biyu bai ce uffan ba. A nan mace ɗaya ce ta gane, wata mai kayan aikin shara a kujerar da ke fuskantarmu, wadda ta sunkuyar da kai ta haɗa hannuwa. Wani mai kwat ya nuna kujerar da haɓa, na ce da mutum, ya ɗaga kafaɗa ya matsa. Ƙofofi suka rufe, muka shiga duhu.

"Mun tashi," in ji ta. "Ka ji ko girgiza babu. Ba kamar naku mai hayaƙi ba."

Sai ga mai gadin tarago, wani ƙaƙƙarfa mai ladabi, ya ratso jama'a ya tsaya kusa da ni.

"Baba, ba a ɗora kaya a kujera in akwai mutane a tsaye."

"Ba kaya ba ne, ɗana. Fasinja ne."

Ya leƙa, ya gani, ya rage murya. "Na gane, Baba. Mu ma haka muka ɗauko kawuna daga Rustenburg. Amma ka ga wancan abin a rufi? Yana kallona, shugabana kuma yana kallonsa. Gogo ta riƙe shi a cinya mana, saura kaɗan a isa."

"A cinya? Mutumin da ya biya kuɗinsa?" Na zaro katin. "Ga shaidar shigarsa."

"Kati na tafiya ne, Baba, ba na kujera ba."

"To, in haka ne, kujera ta wanda ya riga zama ce. Ya riga kowa. Nuna mini inda aka rubuta cewa sai fasinja yana numfashi."

Har ya fara murmushi. Ina ganin na ci wannan muhawara, kuma ita ce mafi kyau da na yi tun da na bar aiki. Domin in yi ta da kyau na saki ƙarfen, na juya na fuskance shi, na ba kujerar baya.

Wani mutum ne mai kimanin shekara talatin, da kaurin rigar sanyi, da jakar ofis, kunnuwansa a toshe da abin sauraren kiɗa, idonsa a kan waya. Ya ga gurbi ta gefen ido, kamar yadda kowa yake gani a jirgi, ya sulale ta bayana ya zauna da dukkan nauyinsa.

"Kai! Tashi! Ka zauna a kan mijina!"

Taragon duka ya ji. Mutumin ya zabura ya miƙe, ya cire abin kunnensa, ya dubi kujerar. Reshen ya karye biyu, ganye ɗaya ya manne a rigarsa.

"Yi haƙuri, Gogo, ban lura ba sam." Ya tattara guntayen ya miƙa mata da hannu biyu. "Na ɓata wani abu ne? Nawa ne? Zan biya."

Ba ta karɓa ba. Tafinta yana kan bakinta, idonta yana kan taga. Babu komai a tagar sai baƙin bango da fitilu masu wucewa ɗaya bayan ɗaya, da fuskarta a cikin gilashi. Mai kayan sharar ta ce, "Wayyo, Mama," ta rufe fuska da gyalenta. Mai gadin ya cire hularsa, sannan ya tuna da abin da ke rufi ya mayar.

Na sunkuya na ce, "Sisi, tsawa ce kika yi, ba magana ba. Tsawa ba ta cikin lissafi. Ko kare aka yi wa..."

"Kada ka yi mini aikin ofis, Velaphi."

Da ta kira sunana na san an gama. Ta karɓi guntayen daga hannun mutumin, ta auna su a tafinta.

"Ba nauyi," in ji ta. "Ya sauka." Ta dubi mutumin, wanda yake tsaye har yanzu kamar ɗalibi a gaban hedimasta. "Zauna, ɗana. Ba kowa a wurin."

Bai zauna ba. Ba wanda ya zauna har muka isa.

A ƙofar fita na ɗora katinta ta wuce. Na ɗaga na Hlengwa zan ɗora, ta riƙe mini hannu ta saman gilashin.

"Me za ka gaya musu? Cewa ya fito?"

"In ban ɗora ba za su ci shi tara."

"Su ci. Aƙalla wani ya rubuta cewa yana ciki."

Ndimande yana jira a bakin titi. Ya san ƙa'ida: ya share kujerar gaba, ya kashe rediyo, ya buɗe ƙofa bai ce komai ba, ya kawar da kai. Yayata ta ce, "Sannu da jira, Ndimande, ya iyali?" Ya dube ta, ya dube ni, ya rufe ƙofar a hankali.

Abin da al'ada ta tanada a irin wannan hali shi ne a yanko sabon reshe a koma daidai inda aka bar mutum. Na sa kwat ɗina na je ofishin masu jirgin. Sun karɓe ni da mutunci, har da shayi. Wata mata mai kirki ta bayyana mini cewa ba a barin kowa ya taka cikin ramin, ko ma'aikaci sai da dalilin gyara, kuma jirgi ba ya tsayawa tsakanin tasha da tasha. Ta tambaye ni ko na san daidai wurin. Na ce tsakanin fitila da fitila ne. Wani dattijo a Dube ya ba da shawarar a sake hawa jirgin, a yi ta kira tun daga tashi har isa, ko Allah zai sa a dace. Na kai wa yayata wannan magana.

"Mutumin da bai iya hawa tudun gidanmu sai ya huta sau biyu," in ji ta, "shi zai kamo wancan jirgin da gudu? Tagar ma ba ta buɗewa." Sannan ta ce, "Da can yana da rufi, da haske, da mutane suna wucewa yana kallo. Ya roƙi Allah ya fitar da shi daga rami, ya fita, ya mutu a sarari. Ni na zo da ƙafata na mayar da shi."

Na ce laifina ne da na juya baya. Ta ce in daina neman muƙami a cikin abin da ya fi ƙarfina.

Ndimande ya kai ta Msinga washegari, tunda an riga an biya shi. A can an yanka akuyar tarba tun da safe, an dafa giyar dawa, maƙwabta sun taru a bakin garke. Nama ba ya jira, saboda haka aka ci. Ta rasu da farkon damina, aka binne ta kusa da ƙashinsa. 'Ya'yanta mata suna gidajen aurensu, kuma ba wadda ta tayar da maganar sabon reshe.

Abin da aka kashe, kamar yadda ya zo hannuna:

Karsana ɗaya, an sayar a kan rand dubu tara, ƙasa da darajarta, saboda gaggawa.

Kuɗin mota daga Msinga zuwa Goli, rand ɗari biyar da hamsin.

Hayar a-kori-kurar Ndimande, da mai, rand dubu huɗu da ɗari biyar.

Akuya, dawa, garin masara da sukari, rand dubu uku da ɗari biyu.

Kati uku da kuɗin tasha ɗaya, rand ɗari da tamanin.

Tarar fasinjan da ya shiga bai fita ba, rand ɗari biyu, ana bin katin Mzikayifani Hlengwa.